Akwatin jarida a bakin titi: wa ke da ikon cewa a ɗauke shi?

A biranen Amurka akwai wani akwatin ƙarfe da ake girkewa a gefen titi, tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba sai kaɗan, da 'yar taga a gaba wadda shafin farko na jaridar ranar ke leƙowa ta cikinta. Babu mai tsaronsa. Mutum zai zuba sulalla a ramin da ke samansa, ƙofa ta buɗe, ya ɗauki kwafi ɗaya ya mayar da ƙofa. In ya ga dama yana iya kwashe jaridun duka, babu abin da zai hana shi sai kunya, domin a kan amana aka ɗora cinikin tun asali. Wani mai suna George Hemmeter ne ya ƙirƙiro shi a Kalifoniya a 1947, kuma sannu a hankali ya maye gurbin yaran nan da ke tsayawa a mahaɗar tituna suna shelar kanun labarai.

Wannan akwati da ba ya motsi ya kai Kotun Ƙolin Amurka har sau biyu cikin shekara 5, ban da ƙararraki masu yawa a ƙananan kotuna. Dalili kuwa shi ne abubuwa biyu ne suka haɗu a jikinsa, kuma kowannensu gaskiya ne. Ta wani ɓangaren ƙarfe ne da ke tare hanya, ta wani ɓangaren kuma shi ne ƙofar da labari ke bi ya isa hannun mai karatu. Hukumar birni tana da cikakken iko a kan na farko, ba ta da iko a kan na biyu, ga shi kuma ba a iya ɗaga ɗaya a bar ɗaya.

Ya kamata a fara ba hukumomin birane haƙƙinsu, domin kukansu ba na banza ba ne. Da farko akwatunan ba su da yawa, tunda yawancin garuruwa jarida ɗaya ko biyu suke da su. Lamarin ya sauya a ranar 15 ga Satumba 1982, lokacin da kamfanin Gannett ya fito da jaridar USA Today wadda ake son a sayar a ko'ina cikin ƙasar. Aka ƙera mata akwati mai kama da akwatin talabijin a kan ƙafa guda, aka watsa dubbansa a tituna. Jaridun gari suka ga an shigo musu gida, su ma suka ƙara nasu. Sai ga jaridun mako da ake rabawa kyauta, sai ga mujallun tallan gidaje da na motoci da na guraben aiki, kowa da akwatinsa, wani na ƙarfe wani na roba. Kusurwar titi guda ta koma jeri na ja da shuɗi da rawaya, an ɗaure wasu da sarƙa a jikin fitilar titi, wasu a jikin famfon da 'yan kwana-kwana ke jan ruwa, wasu an dasa su daidai inda ƙofar bas ke buɗewa. Makaho mai bin gefen hanya da sanda ya yi karo da su. Mai keken guragu ya iso gangaren da aka yi dominsa ya tarar an toshe. Tun daga 1990, da Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, wannan ya tashi daga batun tausayi ya zama wajibi a kan hukuma, domin ƙa'idojin dokar sun nemi a bar hanyar wucewa mai faɗin aƙalla inci 36. Ga kuma batun diyya: idan akwati ya faɗo wa yaro, hukumar birni ake fara kai wa ƙara, tunda filin nata ne. Mai shago kuma da ke biyan haya da haraji yana da hujjar tambaya, me ya sa wani zai yi ciniki a ƙofarsa bai biya ko sisi ba.

Duk wannan na yarda da shi. Wanda ya ce a bar akwatuna su yi yadda suka ga dama da sunan 'yancin jarida bai taɓa tura keken gurgu a titi ba.

Amma masu jarida ma suna da ƙasa mai ƙarfi da suka taka. Gyaran farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya hana gwamnati tauye 'yancin magana da na ɗab'i, kuma tun da daɗewa kotu ta fahimci cewa bugawa kaɗai ba ta isa ba. A garin Griffin da ke jihar Jojiya an taɓa yin doka cewa babu mai raba wata takarda sai da rubutaccen izinin manajan gari. Wata mata mai suna Alma Lovell, 'yar ɗariƙar Shaidun Jehobah, ta raba ƙasidun addininta ba tare da neman izinin ba, aka hukunta ta. A 1938 Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta kuma maimaita abin da wani tsohon hukunci ya faɗa, cewa 'yancin rarrabawa daidai yake da 'yancin bugawa, domin abin da aka buga ba a rarraba ba ba shi da wani amfani. Shekara ɗaya bayan haka, a shari'ar da ta haɗa ƙungiyar ƙwadago da Frank Hague, magajin garin Jersey City, aka tabbatar da cewa tituna da dandali amana ce a hannun hukuma domin jama'a su taru su yi magana. Daga irin waɗannan hukunce-hukunce aka samu ma'aunin da ake aiki da shi har yau. Hukuma na iya tsara lokaci da wuri da yadda za a yi magana a titi, amma da sharaɗi uku: kada dokar ta dubi abin da ake faɗa, ta zama an yanke ta daidai da wata buƙata mai nauyi, kuma ta bar wasu hanyoyi isassu da saƙon zai bi.

A takarda ma'aunin a fili yake. Inda ake fafatawa shi ne wajen ɗora shi a kan akwati.

Lakewood ƙaramin birni ne da ke maƙwabtaka da Cleveland a jihar Ohio. Kafin 1983 dokarsa ta hana kowa girke wani abu nasa a filin hukuma, saboda haka jaridar Plain Dealer, wadda ita ce babbar jaridar yankin, ba ta da damar ajiye akwati a titunansa. Ta kai ƙara, kotun tarayya ta ce hanin ya yi tsauri, ta ba birnin lokaci ya gyara. Gyaran da majalisar birnin ta yi, in aka kalle shi sama-sama, sassauci ne. An ce kowa na iya neman izini, amma magajin gari ne zai bayar ko ya hana, kuma duk shekara sai an sabunta. In ya hana, abin da ake bukata gare shi kawai ya faɗi dalili. In ya bayar, sai hukumar duba fasalin gine-gine ta amince da siffar akwatin, sai jarida ta ɗauki inshora ta dala 100,000 domin kare birnin daga diyya, sannan aka rufe da jimlar da ta ba magajin gari damar ƙara duk wani sharaɗi da ya ga ya dace. Plain Dealer ba ta ma nemi izinin ba. Kotu ta koma kai tsaye.

Nan ne lauyoyin birnin suka kawo hujjar da za ta shiga kunnen kowa. Suka ce ai ba a hana ku ba, ba ku ma tambaya ba. Ku nema, in magajin gari ya zalunce ku sai ku zo kotu da shaida. A watan Yunin 1988 Kotun Ƙoli ta ƙi wannan hujja da rinjayen alƙalai 4 a kan 3, biyu ba su zauna ba, kuma bayanin da mai shari'a William Brennan ya rubuta shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kai a wannan batu gaba ɗaya.

Ya ce ɓarnar irin wannan doka ba ta jira sai an hana kowa izini. Tana farawa ne daga ranar da edita ya san cewa akwatunansa suna hannun mutum ɗaya. Labarin almundahana a ofishin magajin gari ya zo teburinsa ana saura wata biyu a sabunta lasisi, ko zaɓe ya ƙarato jarida na son ta goyi bayan abokin hamayya. Babu wanda zai buga masa waya, babu wanda zai yi masa barazana. Shi da kansa zai rage zafin kanun, ko ya tura labarin shafin ciki, ko ya ce a ƙara bincike har maganar ta huce. Kuma wannan asara babu kotun da za ta iya gano ta, domin labarin da ba a rubuta ba ba ya barin sawu. Duk wanda ya san kasuwa ya san halin mai rumfar da ake sabunta masa takarda duk shekara a hannun shugaba ɗaya, ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba: ko a taron 'yan kasuwa, shi ne na ƙarshe da zai ɗaga murya a kan shugaban.

Abu na biyu da Brennan ya nuna shi ne idan babu ma'auni a rubuce, hanin ma da kansa ba a iya kama shi. Magajin gari zai ce wurin ya yi cunkoso, ko akwatin bai dace da unguwar ba, kuma wa zai iya rantsuwa cewa ba haka ba ne a zuciyarsa? Da a ce doka ta ce nisan akwati da famfon kashe gobara ƙafa kaza ne, da sai a ɗauko abin awo a gwada, a ga ko an yi wa jaridar da ke yabon hukuma irin awon da aka yi wa mai sukarta. Sabuntawar shekara-shekara kuma ta ƙara dagula abin, tunda mai ba da izinin ya riga ya karanta duk abin da jaridar ta rubuta a kansa cikin wata 12 kafin ya sa hannu. Ko da an je kotu an yi nasara daga baya, labari ba ya jira. Birnin ya roƙi kotu ta kyautata wa magajin gari zato, kotu ta ce ba a ɗora 'yancin jarida a kan kyakkyawan zato.

Alƙalai ukun da suka saɓa, ƙarƙashin Byron White, ba maganar wasa suka yi ba. Ra'ayinsu shi ne 'yancin raba takarda a titi daban, mallake wani yanki na titin dare da rana daban. Mai raba ƙasida yana zuwa ya tafi, akwati kuwa zama yake yi. Kuma idan birni yana da ikon hana akwatuna baki ɗaya, to ta yaya za a ce ba shi da ikon da bai kai wannan ba, wato ya bari a sa amma da izininsa? Hujjar tana da ƙarfi, sai dai a ganina ta kuskure a wuri ɗaya. Hani na bai-ɗaya yana faɗa wa kowa daidai, ba ya sa edita tsoron kowa. Izinin da ke hannun mutum ɗaya kuwa yana ba shi damar zaɓen wanda zai yi magana. Ƙaramin iko ne a ido, amma ya fi babban haɗari. Kotun dai ba ta yanke ko birni na iya hana akwatuna ɗungurungum ba, ta bar wannan ƙofa a buɗe, kuma za mu ga wanda ya bi ta cikinta.

Shari'a ta biyu ta fito ne daga jihar guda, a birnin Cincinnati. A 1989 birnin ya ba kamfanoni biyu izinin ajiye akwatuna. Discovery Network tana raba mujalla kyauta mai tallan darussan da take koyar da manya, Harmon Publishing kuma tana raba mujallar gidajen sayarwa. A shekarar da ta biyo baya hukuma ta janye izinin, ta fake da wata tsohuwar doka da ta hana raba takardun talla a filin hukuma, dokar da aka yi tun kafin akwatuna su zama abin damuwa. Dalilin da ta bayar shi ne tsaron masu tafiya da kyawun gari. To amma akwatunan kamfanonin biyu 62 ne kacal, a birnin da ke da tsakanin 1,500 zuwa 2,000. Sauran duk na jaridun labarai ne, kuma ba a taɓa ko ɗaya ba.

A watan Maris 1993 kotu ta yanke hukunci da rinjayen 6 a kan 3, mai shari'a John Paul Stevens ya rubuta. Maganarsa mai sauƙi ce. Akwatin mujallar gidaje bai fi na jarida muni ba, bai fi shi tare hanya ba. Idan damuwarku cunkoso ce, me ya sa ba ku kayyade girma ko siffa ko yawa ba? Abin da ya raba akwatin da aka ɗauke da wanda aka bari shi ne abin da ke rubuce a ciki, kuma wannan ba shi da alaƙa da matsalar da kuka ce kuna magancewa. Ya kuma lura cewa iyakar da ke tsakanin talla da labari ba ta da kaifi kamar yadda ake zato, domin jaridun labarai cike suke da talla, mujallun tallan kuma sukan ɗauki ɗan labari. Alƙalin alƙalai William Rehnquist ya saɓa, ya kuma yi wani gargaɗi da ya kamata masu murna su saurara: kun bar wa birane zaɓi biyu ne kawai, ko su ƙyale kowa, ko su matsa wa kowa har da jaridun labarai.

Abin da ya faru ke nan a Boston. Unguwar Beacon Hill tsohuwar unguwa ce mai gidajen jan bulo da ƙananan lunguna, kuma tun 1955 doka ta kafa hukumar da ke kula da kamanninta. Hukumar ta fito da ƙa'idar da ta hana girke kayan masu zaman kansu a titunan unguwar, wanda hakan ya kwashe akwatunan jarida duka. Boston Globe da wasu manyan jaridu suka kai ƙara, suka yi nasara a ƙaramar kotu, amma a 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba hukumar gaskiya. Ƙa'idar ba ta dubi abin da ke cikin akwati ba, kiyaye tarihin unguwa buƙata ce mai nauyi, sannan akwai wasu hanyoyi: shagunan da ke sayar da jarida a kusa, kai wa mutane har gida, da masu talla a ƙafa. Bayan haka aka yi irin wannan hani a unguwar Back Bay, wasu ƙananan jaridun da ake rabawa kyauta suka ƙalubalanta, a 2003 kotun ta sake tabbatar da hanin.

A nan ne nake ganin ma'aunin ya gaza, duk da cewa an bi shi sawu da ƙafa. Maganar "akwai wasu hanyoyi" gaskiya ce ga Boston Globe. Tana da motoci, tana da masu biyan kuɗin wata da ake kai wa har ƙofa, kuma babu mai shagon da zai ƙi ajiye ta tunda yana samun riba a kowane kwafi. Jaridar kyauta fa? Mai shago ba ya samun komai a kanta, saboda haka in ya ajiye ta alfarma ya yi, kuma ranar da ta buga abin da ya ɓata wa abokan cinikinsa rai zai ce a kwashe. Ba ta da jerin masu biyan kuɗi da za ta aika wa. Ɗaukar mutum ya tsaya a titi yana miƙa ta daga safe zuwa dare ya fi ƙarfin aljihunta. Akwatin nan shi ne hanyarta guda ta isa ga wanda bai san da ita ba, kuma irin waɗannan jaridu su ne suka fi taɓo abin da manya ke tsallakewa: rikicin masu haya da masu gida, 'yan sandan unguwa, kwangilar da aka bayar a ɓoye, labarin baƙin haure da harshensu. Dokar da ta ce kowa ya sauka daga titi ba ta ambaci sunan kowa ba, amma an san wanda zai tashi da rauni da wanda zai karkaɗe rigarsa ya wuce. Hanya ta dabam da mutum ba zai iya biyan kuɗinta ba, ban ga dalilin da kotu za ta lissafa masa ita a matsayin hanya ba.

Yawancin birane ba su kai ga hani ba, tsaka-tsaki suka bi. Niyok ta yi dokarta a 2002, ta ɗora wa sashen sufuri na birnin aikin: a yi rajista, a ɗauki inshora, a liƙa suna da lambar mai akwati a jikinsa, a nisanci famfon gobara da mashigar masu ƙafa da tashar bas, a riƙa tsaftacewa. Wannan shi ne irin tsarin da nake goyon baya, domin kowane sharaɗi a cikinsa ana iya gwada shi da ido ko da abin awo. Wasu kuma suka ƙara gaba suka shiga batun kamanni. Coral Gables a jihar Fulorida ta wajabta launi iri ɗaya, ta kuma kayyade girman harufan da za a rubuta a jikin akwati, kuma a 1994 kotun ɗaukaka ƙara ta amince. San Faransisko ta yi doka a 1998 da ta tanadi manyan akwatuna na haɗaka a wuraren da suka fi cunkoso, kowace jarida da ɗan gurbinta, wani kamfanin talla ya samar da su ya riƙa kula da su, shi kuma ya sayar da talla a bayansu.

Titi yakan yi kyau da wannan, ba a musu. Amma tambayar Lakewood tana dawowa ta bayan gida. Gurabe sun zama ƙididdigaggu, to wa zai raba su, kuma da wane ma'auni? In aka ce wanda ya daɗe a wurin shi ke da fifiko, an rufe wa sabuwar jarida ƙofa. In aka ce mai fitowa kullum ya riga mai fitowa mako-mako, an fifita mai kuɗi. A unguwar Waikiki ta Honolulu ƙuri'a aka riƙa jefawa, amma aka ware ta masu sayarwa daban da ta masu rabawa kyauta. Jaridar Honolulu Weekly, wadda kyauta ake raba ta amma labarai take bugawa, ta ga an jefa ta layi ɗaya da ƙasidun tallan 'yan yawon buɗe ido, ta kai ƙara, a 2002 kotu ta ce rabon bai saɓa doka ba tunda bai dubi abin da aka rubuta ba. Ƙuri'a dai ta fi son ran ma'aikaci, ko da yake yadda aka yanka layukan kafin a jefa ta yana iya yanke sakamakon. Akwai kuma batun tallan da ke jikin akwatin haɗaka. Gab da wasannin Olamfik na 1996, hukumar filin jirgin saman Atlanta ta so ta kwashe akwatunan jaridu ta maye su da nata masu ɗauke da tallan Coca-Cola. Kotu ta hana tilasta wa jaridu zama ƙarƙashin tallan da ba su zaɓa ba, ta kuma hana barin zaɓen jaridu a hannun ma'aikata ba tare da ƙa'ida ba, ko da yake a 2003 ta yarda cewa filin jirgi, da yake wurin kasuwanci ne, yana iya karɓar hayar da ke da riba a ciki.

Mu a Nijeriya ba mu da wannan akwati, sulallan da za a zuba masa ma sun daɗe da barin hannun mutane. Abin da muke da shi mai jarida ne da teburinsa a ƙarƙashin bishiya ko gada, da jama'ar da ke kewaye shi da safe suna karanta kanu suna musu. Amma sashe na 39 na kundin tsarin mulkinmu na 1999 ya ba kowa 'yancin karɓa da isar da bayanai ba tare da katsalandan ba, yayin da jadawali na huɗu na kundin ya ba ƙananan hukumomi ikon tsara shaguna da kes-kes da allunan talla. Ikon biyu a kan teburin mai jarida suke haɗuwa. Kuma mun ga da idonmu cewa wanda ke son toshe bakin jarida ba sai ya je ɗakin labarai ba. A watan Yunin 2014 sojoji sun yi kwanaki suna tare motocin rarraba jaridu suna ƙwace kwafe, ciki har da na Daily Trust da Leadership da The Nation da Punch, hedikwatar tsaro ta ce binciken tsaro ne bisa wani rahoton sirri. Ba a rufe ko gidan jarida ɗaya ba, an dai hana abin da aka buga isa ga mai karatu. Saboda haka duk lokacin da wata hukuma ta tashi share bakin titi, abin tambaya shi ne ko akwai ƙa'ida a rubuce da ta ce ga inda mai jarida zai tsaya, ko kuwa zamansa ya rataya ne a kan fuskar da shugaban 'yan kamen ya tashi da ita.

A Amurka kuma yanzu matsalar ta juya baya. A 1984 jaridun kullum suna sayar da kwafi kusan miliyan 63 a ranakun aiki. Ƙiyasin cibiyar bincike ta Pew ya nuna a 2022 adadin ya sauko zuwa kusan miliyan 21, har da masu karantawa ta intanet. Farashin kwafi ya hau har ya zama sai mutum ya cika aljihu da sulalla kafin ƙofa ta buɗe, a zamanin da kowa da kati yake ciniki. Village Voice ta Niyok ta daina fitowa a takarda a 2017, jaridar Express wadda Washington Post ke raba wa masu shiga jirgin ƙasa kyauta ta tsaya a 2019. Akwatuna da yawa suka zama marayu, an yi musu rubutu da fenti, an cusa musu shara, wasu masu su ma sun rufe kamfani. Birane suka shiga kwashewa, kuma suna da gaskiya, domin akwatin da babu jarida a ciki ba ya isar da komai ga kowa.

Sai dai ma'aikacin da ke zagaye da mota ba ya iya bambance wanda aka yasar da wanda jaridarsa ta ƙare jiya, gobe za a sake cikawa. Jaridar mako da mutane ke so takan ƙare cikin kwana biyu, akwatinta ya yi kwana biyar babu komai, wato farin jininta ne zai sa a ɗauka an yasar da ita. Waɗanda suka rage a titi yau kuma yawanci su ne marasa wata mafita, jaridun unguwa da na masu jin Sifaniyanci ko Sinanci ko Koriyanci, masu karatunsu tsofaffi da sababbin zuwa. Tun a 1977 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta duba wannan a ƙarar da kamfanin Kash Enterprises ya kai birnin Los Anjelas. Ta amince da ƙa'idojin inda za a ajiye akwati, amma ta soke sashen da ya ba ma'aikata damar ɗauke shi nan take ba tare da sanar da mai shi ko sauraronsa ba. A ganina, in akwati na barazana ga ran mutane, a matsar da shi a lokacin. In ba haka ba, a liƙa masa takardar gargaɗi mai kwanan wata, a kira lambar da doka ta ce a rubuta a jikinsa, a ba mai shi kwanakin da suka zarce tazarar fitowar jaridarsa, kuma in an ɗauke, kuɗin karɓowa kada ya wuce abin da aka kashe wajen ɗaukewa da ajiyewa.